Juma'ar da Na Hana Yayana

A Agadez ta ƙuruciyarmu kokawa ba ta da gaggawa. In ayarin gishiri ya dawo daga Bilma, mutane suka huta, sai a share filin da ke bayan kasuwar raƙuma, kowace Juma'a bayan la'asar a buga ganga, har zafi ya shigo. Wanda aka kayar yakan tashi ya kakkaɓe yashi, ya ɗaga wa wanda ya kayar da shi hannu ya ce, "Sai Juma'a." Ba a rubuta komai. In sanyi ya wuce, gari da kansa ya san gwaninsa.

Yayana yana cikin waɗanda ake zuwa kallo. Kowace shekara yakan bi Abzinawa zuwa Bilma da gero, ya dawo da kantun gishiri da dabino, a rame kamar sanda. Sai uwarmu ta yi ta ɗura masa fura da nono kafin ƙarfinsa ya komo. Juma'o'in farko kowa ma kayar da shi yake yi, bai damu ba. Daga ta huɗu ake fara tsoronsa. A shekarar da nake magana gwiwarsa ta soma ciwo, ya gaya wa uwarmu cewa daga wannan shekara ya ajiye kokawa. Buri ɗaya ya rage masa. Akwai wani maƙeri da suka yi shekara uku suna kayar da juna, yana so ya rufe kokawarsa da bayan maƙerin nan a ƙasa.

Ni kuwa na dawo daga karatu a Damagaram, an ba ni aji a lakwal, wato makarantar boko, ƴancin kai bai daɗe da samuwa ba. Kaina ya yi girma. Duk abin da ba a takarda yake ba, ƙauyanci nake ganinsa. Da aka sa ni cikin masu shirya wasannin bikin jamhuriya na Disamba, sai na kawo shawara a tattara kokawar shekara duka cikin kwana uku na bikin, a yi ƙuri'a, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita, har a samu gwani guda a ba shi kyauta gaban manya.

Mun yi mahawarar a zauren wani tsohon baduku, wanda shi ke raba ƴan kokawa a fili. Saura kwanaki ayari ya tashi. Tsohon ya saurare ni har na gama, hannunsa bai bar ɗinkin sirdi ba.

"Yaro, faɗuwa ɗaya ba ta nuna namiji," in ji shi. "Santsi ma yana kayar da mutum."

Na ce masa, "Baba, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ko'ina a duniya haka ake yi, élimination directe." Na faɗe ta da faransanci da gangan, don na san ba mai iya musun abin da bai ji ba.

Samari suka goya mini baya, suna son kyauta da tafi. Maƙerin ya ce shi ko yaya aka yi yana nan. Yayana, da yake zaune bakin ƙofa, sai can ya yi magana. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malaman lakwal da faransanci, tun da na fara koyarwa, rabi tsokana rabi alfahari.

"Mushe, ayari fa? Raƙumi bai san Disamba ba."

Na ce ai na duba, kullum kafin lokacin suke dawowa. Ban duba komai ba, wa zan tambaya? So nake kawai in ci mahawara, kuma na ci. 

Shekarar nan ayari ya makara. Raƙuma sun yi rauni a hamadar Tenere, madugu ya rage tafiya. Da hantsin ranar farko ta biki suka shigo gari. Leɓunan Yaya a fashe, idanunsa sun faɗa. Uwarmu ta ce ya bari, ya ce sunansa yana takardar ƙaninsa, ba zai kunyata ni ba. Ya sha fura, ya ɗaura layunsa, ya fito.

Ƙuri'a ta haɗa shi da wani saurayi mai aikin lambu daga Iferwan, wanda ya yi wata biyu yana ci yana ƙoshi. Ba su daɗe ba. Saurayin ya kama ƙafar nan mai ciwo ya ɗaga, Yaya ya tafi ƙasa.

Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe yashi kamar yadda ya saba, ya ɗaga hannu ya ce, "Sai Juma'a." Har ya juya, sannan ya tuna. Ya tsaya ya waiwayo teburin da nake zaune. Takarda tana gabana, alƙalami yana hannuna, wani babba daga ofis yana jira a kira na gaba. Na ja layi a kan sunan yayana yana kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Maƙerin ne ya ci kyautar. Juma'ar da ta biyo baya ya zo har ƙofar gidanmu, ya ce su je fili su biyu su ƙarasa abin da ke tsakaninsu. Yaya ya yi masa godiya ya ce, "Kokawar da ba ganga, ba jama'a, ai faɗa ce. Ni kuma ba na faɗa da kai."

Ya rataye layunsa a zaure. Da shekara ta zagayo, gwiwar ta hana shi ko bin ayari.

Da ya zage ni, da na samu sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba, har ya bar duniya yana kirana Mushe. Ni ma ban tayar ba. Kullum nakan ce wa kaina zan nemi gafararsa ranar Juma'a bayan masallaci, in Juma'ar ta zo sai in bar wa ta gaba. Ni da na ba shi rana ɗaya tak, na ba kaina Juma'o'in shekara talatin, ban yi amfani da ko ɗaya ba.