Ƙusa Ɗaya Ta Cinye Irin Geron Gidanmu

Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. A zamanin da gyaɗa ke tashe, ana dab da samun mulkin kai, ni saurayi ne ɗan Madarumfa mai rawar kai, ina apiranti, wato yaron mota, a wani kamyo da ke jigila tsakanin Maraɗi da Kano. Don na iya ɗaura batir in kunna fitilar mota, sai na ɗauka lantarki ƙanena ne. A Kano na taɓa leƙa ɗakin wani Bature, na ga yana renon tsirrai a ƙarƙashin fitilu, ko rana ba sa gani. Abin ya shige mini rai. Na ce in na reni dashen tumatir a ɗaki, inda fara da awaki ba sa kaiwa, ruwan tabki na ja da baya zan riga kowa dasawa.

Ɗakin da na zaɓa na mahaifina ne. A cikin jinkarsa yake rataye geron iri, wani dogon gero mai jure fari da ya gada daga kakansa. Duk kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyoyin, ko mahaifiyata ba ta taɓa su. Ya tambaye ni ko wannan wutar tawa tana da harshe. Na yi dariya na ce ai wutar zamani ba ta cin ciyawa. Ya dube ni, ya ce to.

Na samo tsohon batir, da ƙwan fitilar mota, da guntayen waya da na tsinto a gareji. Na harhaɗa su, na naɗe mahaɗan da tsumma, na bi da su ta cikin jinka. Direbanmu ya ba ni wani ɗan abu mai siririyar waya a ciki, wai shi fizibil. Ya ce in sa shi kusa da batir, kuma ran da ya tsinke kada in yi fushi da shi, in nemi abin da ya tsinka shi. Tsirrai suka fito dogaye, farare fat kamar masu jinya, amma ni a idona ba a taɓa yin irinsu ba. Na ƙara fitilu a kan waya guda, fizibil ya tsinke. Na sa wani, shi ma ya tsinke. Sai na ce rago ne, na cusa ƙusa a gurbinsa. Fitilu suka kama, na yi ta yabon kaina. Karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Ranar kasuwa da tsakar rana, gida ba kowa, aka hango hayaƙi. Maƙwabta suka tare wutar kafin ta tsallaka, ba wanda ya ji ciwo. Amma jinkar ta zama toka, irin ma haka.

Na so mahaifina ya doke ni, bai yi ba. Ƙwarya ya miƙa mini, muka bi gidajen da ya taɓa ba wa iri a shekarun baya, yana roƙo da furfurarsa, ina tsaye a bayansa. Duk wanda ya tambayi mafarin wutar sai ya ce ƙaddara ce. Wallahi da bulala ce da ta fi mini sauƙi. Abin da muka samo ya riga ya cuɗanya da wasu iri. Har ya rasu, duk kaka yakan zauna yana auna zangarniya da damtsensa. Wani sa'in ya ce wannan ta yi kama, amma bai taɓa cewa ita ce ba.

Daga baya na gane wayar da na bi da ita ta cikin jinka na ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta, ta yi zafi ta kama ciyawa, kuma ɗan abin da na raina shi ne mai gadin gidan. Yanzu ina ganin samari da sola suna ja wa dashensu fitilu a ɗaki, kuma ba na hana su. Sai dai ku kira wanda ya san aikin, ku raba waya da ciyawa da ruwa, in fizibil ya tsinke ku nemi dalili. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ni dai har gobe duk kaka ina auna zangarniya da damtsena, ban same ta ba.