Mai Kwando Ba Ta Share Gona

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, a gabanta na girma, amma ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan," ko "mutumin naku." Haka matanmu suke da ɗan fari, ita kuwa ta riƙe abin fiye da kowa. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa in yana cin abinci, sai dai kwanonsa kullum ya fi na kowa nama.

Shekarar da yaƙi ya tashe mu daga ƙauyenmu na kusa da Hajj Abdalla, muka bar hawasharmu, wato gonarmu, da dawa a tsaye, muka sauka Rusairis gidan wani kawunmu. Ba a jima ba yaron ya ga zaman ba zai yi masa ba, ya bi masu haƙar zinariya can bayan duwatsu, inda shabaka, wato sabis, ke zuwa wa waya in ta ga dama. Ranar da zai tafi ya miƙo mini tsohuwar wayarsa, fuskarta duk a tsage.

"Kawu, ka riƙe min gonar nan," in ji shi. "Mai Kwando kawai za ka riƙa turawa, ba wuya."

Wani wasa yake nufi da muke yi a waya ni da shi. A cikin wasan duniya ta lalace, kowa ya kafa ɗan garinsa a kango, yana neman hatsi da itace da ƙarfe, yana tara mayaƙa, maƙwabta na kai wa juna hari. Ana haɗuwa ƙungiya ƙungiya. 'Yan ƙungiya ɗaya ne kaɗai ke iya aika wa juna kaya, su ne kuma ke ganin wanda ya leƙo, don wani ɗigo kore yakan haska kusa da tutarsa. Yaron yana da babban gari na yaƙi a wayar da ya tafi da ita. A tsohuwar kuma ya buɗe ƙarami na noma zalla, don ya riƙa ciyar da babban.

Ni ina da nawa garin, kuma ni mutum ne mai son faɗa, a wasa da wajen wasa. Jarumaina duk masu wuta ne: wani ƙato mai hannun ƙarfe, wata doguwa mai bindiga da ta fi ta tsawo. Mai Kwando kuwa gajeruwar mace ce, ta ɗaure kai da tsumma, kwando a baya, lauje a hannu. Ba ta ihu, ba ta harbi. Abin da ta iya shi ne in ka sa ta gaban ayari, mutanenka su gama ɗiba da wuri, su kuma ɗauko fiye da ƙa'ida. Kowa a ƙungiyar ya raina ta, har da ni. Sai in yi kwanaki ban tuna da gonar ba.

Wata safiya ina zaune a rumfar tsakar gida da wayar a hannu, Yaya tana yin kisra, wainar dawan nan mai faɗi, a gefena, sai ta leƙo ta kafaɗata.

"Auta, wagga mai kwandon, mi take yi?"

Na gaya mata.

"To wanga ɗigon mai haske fa?"

Na ce mutumin namu ne, in ya samu shabaka ya kunna wayarsa. Ta koma kan tandarta. Kisrar da ke kai ta ƙone, abin da ban taɓa gani a hannunta ba. Washegari ta ce in nuna mata inda ake dannawa, wai kada wayar mutane ta lalace da zama.

Yaya ba ta karanta rubutun waya, hotuna take bi. Amma cikin ɗan lokaci ta gane abin da ni ban tsaya na gane ba. Duk ladan da wasan ya ba ta, littafi ne, tufafi ne, kayan ƙara ƙarfi ne, Mai Kwando take juye wa. Ta bar sauran jaruman a tsaye bakin ganuwa kamar 'yan zaman kashe wando. Da na ce ta ɗan taɓa mai bindigar nan mana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bindigar, ita ka cin ta, ko kai?"

Ta daidaita tafiyar ayari da aikin gida. In ta idar da sallar asuba sai ta tura Mai Kwando gonar hatsi ta kusa, wadda za a gama kafin ta sauke shayi. In za ta gangara kogi wanki sai ta tura ta dutsen ƙarfe mai nisa, su dawo tare. Ranar da aka ɗauke wuta takan kai wayar wurin wani mai shagon caji a kasuwa, amma ba ta miƙa ta sai ayari ya fita. Ba ta yarda Mai Kwando ta wuni a gida ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take yi da mahara. Mu in mun ga jan layi ya nufo garinmu, sai mu tara mayaƙa a ƙofa, a kashe mana su, mu yi ta zage-zage. Yaya ba ta tsayawa. Rumbunta dama kullum a kwashe yake, don duk abin da ya shigo ta riga ta aika wa wancan. Da ta ga layin sai ta fitar da kowa da kowa bayan Mai Kwando, su tafi gona mafi nisa. Mahari ya zo ya tarar da kango, ya ƙona bango, ya koma da yunwarsa. Takan ce, "Bango ana ginawa." Na san inda ta koyi wannan, shi ya sa ban taɓa yi mata dariya a kai ba.

Da yamma, in ta gama aikawa, sai ta aje wayar a kan gado kusa da ita tana tsintar wake. Wani lokaci ɗigon ya haska, wani lokaci a kwana biyu bai haska ba. In ya haska ba ta cewa komai. Sai dai ka ji ta fara 'yar waƙa ƙasa ƙasa, ko ta ƙara wa yaran gidan sukari a shayi. Shi ma bai taɓa rubuto mata kalma ba. Yana karɓar hatsin, shi ke nan. Ni da nake tsakaninsu na san wannan ita ce hirar da ta fi kowace tsawo da suka taɓa yi.

Ƙungiyarmu tana da doka: duk gonar da ka shiga sai ka share ta ƙaf. Dalilin a fili yake, sai gona ta ƙare ake fito da sabuwa mai cike. In ka bar 'yar saura, wurin ya toshe, ba mai son ɓata ayari a kan ɗan abin da ya rage. Shugaban ƙungiyar, wani mutum da ba mu taɓa gani ba, mai rubutu da Larabcin birni, ya fara ƙorafi a zauren hira cewa wani yana barin wutsiya a gonaki. Na taya shi zagi ma, don abin na ba ni haushi. Sai da ya sa hoton ayarin na ga kwando da lauje.

Na same ta a rumfa. Na zaci kuskure ne, na fara nuna mata yadda ake bari a gama.

"Na sani," ta ce. "Ni ka kiran ta da kaina in ya rage kaɗan."

"Don me, Yaya?"

"Kala. A share gona ƙaf kamar an yi gobara? Masu zuwa baya su ci mi?"

"Ba masu zuwa baya! Wasa ne, Yaya, hatsin nan ko kaza ba ta iya ci!"

"To in wasa ne, mi ya tada maka jijiyar wuya?"

Babanmu bai taɓa kwashe hawasha duka ba. In an yanke dawa akan bar zangarniyar da ta faɗi, da 'yan layukan bakin ruwa, don matan da ba su da gona da baƙin da suka zo cin rani. Wanda ya share tasa tas, sai an yi shekara ana nuna shi da baki. Kuma a hanyarmu ta gudu, kafin mu kai Abu Na'ama, abincinmu ya ƙare. Muka faɗa wata gona da aka riga aka girbe, ba mu san mai ita ba har yau. Yaya ce ta shiga da zanenta ta tsinto abin da ya bari, ta murje, ta dafa mana a gwangwani. Duk wannan na sani, a bakina aka zuba. Amma haushi ya hana ni tunawa, sai tsoro ya biyo baya, don shugaban ya rubuto cewa gargaɗi na ƙarshe ke nan.

Na zauna na yi mata bayani a hankali, abin da ba halina ba. Na ce in aka kore ta ba ta ƙara aika wa kowa ko ƙwaya, ɗigon nan kuma ba ta ƙara ganinsa. Ta daɗe tana kallon wayar. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina. Ta ce to, za ta gwada.

Ta gwada. Ta tura Mai Kwando, ta zauna tana kallon hatsin gonar yana raguwa. Na tsaya a kanta kamar mai gadi. Da ya rage kaɗan sai na ga yatsanta ya tafi da kansa ya danna kira. Ayari ya juyo gida. Ta aje wayar a cinya.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Auta," ta ce. "Ba ni iyawa."

Kafin la'asar an cire ta. Na shiga zauren hira na wanke shugaban tas, da Larabci da Hausa, har da wadda ba ya ji, ni ma aka haɗa da ni. Aka ce mu kwashe garuruwanmu daga ƙasarsu. Na mayar da nata can gefen taswira, inda gonaki ƙanana ne, ba kowa sai kangaye.

Na zaci za ta aje wasan. Ba ta aje ba. Da asuba ta tura Mai Kwando, da hantsi ta kira ta, ta bar kalarta a dajin da ba mai wucewa. Rumbu ya cika har yana zuba, ba inda za a kai. Waƙar ta tsaya. Da yamma takan aje wayar a kan gado kamar da, ta riƙa satar kallonta, alhali ta san ba abin da zai haska. Na kira lambar yaron har na gaji, ba ta shiga. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce in kira ba. Kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba, kuma na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Wata safiya ina wanke fuska ta kira ni, muryarta a daidaice kamar za ta aike ni sayen gishiri.

"Auta, zo ka gani. Wani baƙo ya sauka kusa da ni."

Na karɓi wayar. Jikin ɗan garinta ga wani ƙaton gari mai ganuwa biyu, ba alamar kowace ƙungiya a kansa. Tutarsa farar auduga ce a buɗe. Ashe yaron ne. Da ya samu shabaka ya ga abin da aka yi, bai yi musu da kowa ba, ya fice, ya nemo gonar da sunan da shi ya raɗa mata. Ya bar matsayinsa, ya bar abokan yaƙinsa da suka fi shekara tare. Na buɗe baki zan karanta sunan da ke ƙarƙashin tutar, Yaya ta harare ni, na haɗiye.

"Duba nan," ta ce, ta nuna da haɓa.

Daga ƙofar babban garin wani ayari ya fito. A gabansa babban jaruminsa ne, mai sulke da takobin wuta, wanda duk ƙungiyar ke taƙama da shi ranar yaƙi. Ya wuce manyan gonaki bai tsaya ba, ya je ya durƙusa a 'yar gonar da Mai Kwando ta bari jiya, yana tsintar saura.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma na rasa abin da ya shiga mini ido. Yaya ta karɓe wayarta, ta goge fuskar da bakin mayafi, ta tura Mai Kwando gonar da ta fi kowace kusa da ƙofarsa.

Na ce mu kafa tamu ƙungiyar, mu uku, ta koma aika masa kai tsaye. Ta ce a'a, haka ma ya yi. Kullum da safe takan duba gonar jiya. In ta tarar an tsince ta, ta san an kwana lafiya can bayan duwatsu, sai a ji waƙa a bakin tanda.

Sai dai kalar ta canja. Wata rana na leƙa na ga ta kira Mai Kwando gonar ko rabi ba a ci ba.

"Yaya, wannan ai ba kala ba ce, rabon gado ne."

Ba ta ɗago ba, tana ta juya kisrarta.

"Baƙon nan da ci yake," ta ce. "Tun yana ƙarami."