Kwaɗo a Ƙofar Bukkar Baba

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai Baba makwancinsa a Dandin Mahe. Ina da goma sha shida a lokacin. Ban yi niyyar rubuta komai ba bana, don addu'a ta fi masa takarda amfani. Kwaɗo guda ɗaya, irin na rufe ƙofa, shi ya sa na ɗauki biro, kuma zan zo kansa.

Ga wanda bai san shi ba, mahaifina Malam Haliru manomin albasa ne kamar kowa a garinmu, har shekarar da wani abokinsa ya ja shi can tsaunukan Taraba, wani gandun daji da mutane ke zuwa daga nesa don su hau dutse da ƙafa. Aikinsa sare hanya da adda, da aza gungume bisa rafi, da yin sara a jikin itace duk inda hanya ta rabu biyu. Bayan haka ya gina bukkoki a kan hanyar, inda matafiyi zai fake idan ruwa ya tare shi. Shekara goma sha takwas yana wannan aikin, sai da salla muke ganinsa.

Su kuma mutanen garinmu me suka ce? Dariya suka yi. Suka sa masa Na-Dutse. Jagoransu Alhaji Ladan, ɗan wan kakana, wanda muke kira Baffa. Da kunnena na ji shi a zaurenmu yana cewa, "Mi a' aikin Haliru? Rakiyar mutanen da sunka ƙoshi. Mai hankali ba ya hawan dutse alhali ba a kore shi ba." Ranar zaman makoki ma bai bari ba. Ya ce sanyin dutse ne ya cinye masa ƙirji, da ya tsaya ga albasarsa da yanzu yana nan. Inna tana daga ciki tana ji.

Sau ɗaya na je wurin, a dogon hutun aji uku. Ni da na taso a ƙasar da za ka hango mai babur tun yana Kajiji, sai ga ni cikin itatuwan da suka rufe sama, gajimare na ratsa mu kamar hayaƙin murhu. Hanyar ta ba ni haushi. Ga kan dutsen can ina gani, amma sai kwana take yi, hagu, dama, hagu. Na ce, "Baba, don mi ba ka miƙe ta ba?" Ya ce, "Shanu sunka koya mani. Saniya ba ta hawa miƙe, kuma ba ta faɗuwa. Ke da gaggawarki, Hajaru." Har yau ban daina gaggawa ba, amma na fahimci maganar.

Bukkar da muka huta cikinta ginin dutse da laka ce, da jinka, da murhu a tsakiya. Ƙofarta sakatar itace ce, igiyar ja tana waje. Mun tarar da busasshen itace an ɗaure, da ashana cikin kwalba, da gishiri a ƙullin leda. Muka hura wuta, muka dafa doya. Da za mu tafi, ƙafata duk ta kumbura, Baba ya ce sai mun shiga daji mun yo wani itacen. Na yi ta gunaguni. Ya ce, "Wanda munka ƙona, wani ya aje muna shi. Wanga kuwa na mai zuwa bayanmu na. Haƙƙin na baya ke nan." Na tambaye shi ina kwaɗon ƙofa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kwaɗon da nis sani bisa dutsen ga, cikin rahi shike."

To mu dawo yau. Shekaranjiya a lissafin duniya, wato bara, wani tsohon hoton Baba tsaye gaban waccan bukkar ya shigo wayoyin mutane. Wani baƙo da ya taɓa hawa tare da shi ne ya sa, ya yabe shi. Kafin kwana uku Na-Dutse ya zama Gwarzon Tsauni. Samarin da iyayensu suka yi masa dariya suka ɗinka riguna iri ɗaya, suna hawan ɗan tudun nan da ke gefen hanyar Shagari, wanda akuya mai ciki ke hawa ba ta yi haki ba. Su tsaya sama su ɗauki hoto, su sauko su bar ledojin ruwa. Ba laifi, ƙafarsu ce. Amma sai Baffa Ladan ya tara ƙungiyar ci gaban gari aka ce za a gina bukkar tunawa da ɗan'uwansa abin alfaharinsa a kan wannan tudun. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Na je na gani. Matakala suka zuba da siminti, miƙe ɗoɗar daga ƙasa har sama, ta yadda tsoho ba zai kai rabi ba sai ya zauna. Ɗakin bulo, rufin kwano, fenti kore. Babu murhu. Babu itace ko tsinke. Ga allo an kafa da sunan mahaifina da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashin allon ƙofar ƙarfe, a jikinta kwaɗo mai girman tafin hannuna.

Na haɗiye, saboda Inna ta ce in haɗiye. Sai a daminar nan, ina dawowa daga kasuwar Bodinga da la'asar, hadari ya taso, mai babur ya ce ba zai iya ba, muka gudu tudun. Na tarar da mata huɗu masu tallan nono da wani tsoho da galmarsa sun manne da bango ƙarƙashin ɗan bakin kwanon, iska na watsa musu ruwa. Ɗaya na goye da jariri, ta rufe shi da faifai. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi allon, bai san ni ba, ya ce, "Wanga Haliru ko wane na, ya iya rowa."

Ruwan sama bai taɓa ƙona ni ba sai ranar.

Washegari na je wurin Baffa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don ba a ce ban da tarbiyya ba. Na ce a cire kwaɗon. Ya ce, "Ɗiyata, in munka bar ta buɗe, awaki ka shiga, su ɓata fenti." Na ce, "To Baffa, don wa anka gina ta?" Ya ce don tarihi. Na ce tarihi ba ya jin sanyi. Ya ce mabuɗi na hannunsa, mai bukata ya zo ya karɓa. Mutumin da rabin wata yana Sakkwato. Sai ka ce hadari zai jira a aika masa.

Me Baba zai ce da ya ga wannan? Na daɗe ina tambayar kaina. Ba zai yi faɗa ba, ni ce mai faɗa a gidanmu. Ina jin zai zagaya ɗakin sau ɗaya, ya taɓa kwaɗon, ya tambayi inda rafin yake. Dariyar da suka yi masa yana raye ba ta rage shi da komai ba, don aikinsa na can yana amfani. Wannan girmamawar ce ta sa baƙo ya kira shi marowaci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kun ari sunansa, ku ari halinsa, in ba za ku iya ba ku ba mu abinmu.

Don haka ga abin da na yi, kada a tuhumi kowa. Ranar da Baba ya cika shekara bakwai da rasuwa, da hantsi, kowa na gani, na hau da addarsa. Ban taɓa kwaɗonku ba, naku ne. Ƙusoshin allon na ɓamɓare. Inna kuma, wadda ta ce in haɗiye, ita ta ɗaure mini damin itace da kwalbar ashana da gishiri na ajiye a bakin ƙofar.

Abokin aikin Baba na can Taraba yakan kira Inna da salla. Ya ce ciyawa ta cinye wasu hanyoyin, jinkar bukka biyu ta zube. Amma waɗanda suka rage, har yau makiyaya in sun ƙona itace sai sun mayar da wani, kuma yawancinsu ba su ma san sunan wanda ya fara ba. Wannan ya ishe shi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya buɗe masa ƙofar da ba ta da kwaɗo.

Allon yana ƙarƙashin gadon Inna, Baffa. Ranar da ka cire kwaɗon, ni da kaina zan hau in mayar da shi.