Kwanon Da Ke Dawowa Cike

A layinmu na Ƙofar Guga magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da Magariba kowa zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji, dattijon layin, a jera kwanukan. A buɗe ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ba yabon kai ba, kwanon gidana ake fara jawowa, don maiɗakina ta iya miyar kuka. In na koma da shi fayau sai ta leƙa ciki ta yi murmushi.

Ni likitan dabbobi ne, aikina duba nama a kwata. Kafin a fitar da saniya kasuwa sai na tsaga huhunta da hantarta na gani. In na tarar da fararen ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa a huhu, tarin fuka ne, ba zai shiga tukunyar kowa ba. Muna da takunkumi da safar hannu, amma ga zafi, ga mahauta da tsiya. Da na rufe hanci sai ka ji ana tambaya wai Likita nama ya zo dubawa ko ƙyamar masu nama ya zo yi. Ni kuma ba na son a ce ina da girman kai, sai in saukar da abin zuwa haɓa in sunkuya a kan huhun. Haka na yi shekaru.

Tari ya fara kamar wasa. Na sha zuma, na sha citta, a banza. Wando ya soma zamewa daga ƙuguna, ga zufa kamar an watsa mini ruwa. Da aka gwada kakina a asibiti aka ce shi ne. Likitan ya ce ba lalle daga shanu na ɗauka ba, mutane ma suna ba juna.

Ni da ƙafata na je na gaya wa abokan cin tuwona. Na tsaya nesa da tabarma na ce cutar ta numfashi take bi, kuma mu da muke haɗa kai a kan kwano ɗaya mun fi kowa kusa da numfashin juna, saboda haka zan janye sai an sallame ni. Na roƙe su duk wanda tari ya daɗe masa ya je a duba shi. Suka yi ta jajantawa, suka yi mini addu'a. Wallahi a ranar har alfahari na ji, na yi abin da na koyo.

Watannin nan a zaure na ci su, ni da fitila da ƙwayoyin da ke mayar da fitsari ja. Ina jin dariyar tela, abokina tun na allo, tana shigowa ta saman katanga. In an yi shewa sai in tsaya da loma a hannu ina ƙoƙarin gane wa aka tsokana. Kaɗaici ya fi tarin cin raina.

Ranar da aka ce na warke sarai, maiɗakina ta sa nama a miya. Na ɗauki kwano na fita. Aka yi ta gaisuwa, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Allah Ya sa kaffara ce. Tela ya matsa mini wuri, matsawar da za ta ishi mutum biyu. Aka ci kwanon Alhaji, aka ci na tela, aka ci sauran. Da aka zo kan nawa sai kowa ya yi hamdala ya nemi buta.

Na haƙura kwana da kwanaki, ran nan dai raina ya ɓaci. Na ce haba jama'a, cutar ba a tuwo take ba, matar da ta dafa ko atishawa ba ta yi ba, ni kuma an gwada ni an sake gwadawa. Alhaji ya dube ni da tausayi.

"Likita, ai kai da bakinka ka ce mu kiyaye."

Rabin farko na maganata suka riƙe, rabin ƙarshe ya bi iska.

Daga nan na koyi wata dabara. In na taso sai in ratsa ta turken awakinmu in juye musu, in shiga gida da kwano fayau. Maiɗakina kuma ta leƙa, ta ajiye. Ina ganin na rufa asiri, har wani dare ta karɓi kwanon ba ta leƙa ba.

"Baban yara, gobe in za ka juye, ka tsame naman tukuna. Akuya ba ta cin nama."

Washegari ta sake cika kwanon har baki, ni kuma na ɗauka na fita.