Kaburburan Dutse da Keken Dokin Baturke

Muna sallame asuba muka bar unguwarmu Ƙiblatain ta Madina a tsohuwar motata, ni da babban ɗana da maƙwabcinmu, wani Baturke magini. Al-Ula muka nufa, ganin kaburburan da mutanen dā suka sassaƙa a dutse. Gaskiya ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Yaron ne ya nace sai ya tafi Riyad karatun tonon kayan tarihi, ni kuwa na ce ban haifi mai tone kabari ba. Na raka shi ne don ya gani ya tsorata.

Hanya fetal, sai raƙuma da tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa. A garin Haibar muka ci gurasa da wake, mai shayi ya tsuga mana kuɗi kamar madararsa daga Sham ta zo. Ruwa kuwa jarka muka ciko tun daga Madina, don malamai sun hana shan na rijiyoyin wajen kaburburan.

A mota Baturke ya ba mu labarin ƙauyensu, can iyakar Bulgeriya. Garma ta taɓa tono wani basarake da aka binne da keken dokinsa, dawakan ma na ɗaure a jiki. Na ce, "Ka ji ko! Ina za shi da keke?" Baturke bai yi dariya ba. Ya ce kafin masana su iso ɓarayi sun kwashe ƙarfen keken, sun watsar da ƙasusuwan a gona.

Da muka isa, muka taka har gaban kaburburan. Ƙofofi ne manya a jikin jan dutse, ciki wayam. Ɗana ya ɗaga kai yana bin wani rubutu da yatsa. Da Larabci ya saba amsa mini, amma ranar da Hausa ya ce, "Baba, mace ce. Ita ta sa aka sassaƙa wa kanta da 'ya'yanta."

Sai na tuna mahaifiyata. A hanyar Sudan ta rasu muna tahowa Madina a ƙasa daga ƙasar Hausa, har yau ban san inda take kwance ba. Na juya baya na share ido.

Mun dawo gida da la'asar washegari, duk mun yi buɗu-buɗu. Abin da na koyo, masu tono iri biyu ne, kuma gara mai kunya ya riga isa. A bakin ƙofa na ce wa yaron, "Je ka Riyad. Amma duk wanda ka buɗe kabarinsa, ka rufa masa asiri kamar kakarka ce."