Tokar Irin Wake

Da hantsi ne, ranar Laraba, bayan girbin farko da aka samu tun wucewar babban farin nan na shekarun 1980. A tsakar gidanmu na Nguru akwai Baffa, wato yayan mahaifina kuma mai gidan, da Gwaggo, yayarsu duka, da mahaifina da mahaifiyata, da mu yara. Rumbun gidan ya ƙone ranar Talata da la'asar. Har lokacin ƙasa na wari irin na toka da ta sha ruwa.

Sai na bayyana maka yadda ake ajiyar irin wake a gidanmu. Ana cakuɗa shi da tokar murhu don kada ƙwari su huda shi, a ɗura a buhun algarara, a jingine cikin rumbu kusa da damman gero. Sharaɗin ɗaya ne: tokar ta mutu. Toka takan yi fari fat a sama alhali garwashi na kwance da rai a ƙasa, don haka ba a yarda da ido. Hannu ake tusawa har wuyan hannu. Wannan aikin Gwaggo ne tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma da shi take jin ta cancanci tuwonta.

Da aka zargi tokar irin da ƙona rumbun, Gwaggo ta rantse ta taɓa ta, ta ji ta da sanyi. Baffa bai musa ba. Ya shiga madafa da kansa, ya fito da kwanon toka, ya ajiye gabanta.

"Yaya, taɓa mana wannan. Ta mutu ko da rai?"

Gwaggo ta dube shi, ta dubi kwanon. Ta tusa hannun dama, ta juya shi a hankali kamar yadda muka saba gani. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta ce ta mutu.

Baffa ya ce ta ƙara dubawa, kada ta yi gaggawa.

Mu muka fara jin ƙaurin. Mahaifiyata ta zabura ta fizge hannun, kwanon ya kife, garwashi manya suka gangaro jajur. Baffa ne ya binne su a ciki. Fatar yatsun Gwaggo ta saluɓe, ita kuwa tana kallonsu kamar na wani. Ashe hannun ya daɗe da daina jin zafi da sanyi, ta ɓoye, don ta san sunan da za a kira ciwon da shi, ta san kuma inda ake kai masu shi.

Baffa ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Kun gani dai. Ban yi mata ƙazafi ba."

Kafin azahar an ware mata ƙwarya da moɗa. Maƙwabta na faɗin kuturta ƙasa-ƙasa ta bayan danga, ko da yake babu likitan da ya duba ta. Ta roƙi a bar ta ko a ɗakin awaki ne. Baffa ya ce akwai yara a gidan. Mahaifina yana wurin, yana ta gyaran igiyar guga, bai ɗago ba.

Yau a gidana toka a bokitin ƙarfe mai murfi take kwana da kwanaki, nesa da bango, kuma akwai 'yar na'ura a rufin madafa mai ƙara idan ta ji hayaƙi. Ba a neman fatar kowa ta yi shaida. A lokacin kuwa hannun tsohuwa kawai muka dogara da shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta lafiyarsa.

An ɗora ta a motar kaya zuwa Gashua, wurin dangin mijinta, hannun naɗe da tsumma. Suka yi mata bukka a bakin kogi, ta riƙa tsaron wutar masu bandar kifi. Ta rasu kafin damina biyu. Baffa ya je gaisuwa, ya dawo da kifi.