Hoton Baba a Takardar Ƙosai

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina aiki a wani shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi. Kwamfuta ɗaya gare mu, sai injin fotokwafi da ba ya tashi sai an lallashe shi. Kasuwa ta buɗe mana a lokacin, don duk wanda ya mallaki babbar riga ya fito takarar kansila, ga kuma ɗaliban asibitin koyarwa da ba sa rabuwa da ƙofarmu. Ni Bahaushiya ce kuma Kirista, abin da har gobe wasu ba su yarda akwai shi ba.

A nan na san wani Bature. Wata coci ce can ƙasarsu ta turo shi aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin mishan. Shi ba likita ba, ba nas ba. Iyakar abin da na ga ya iya shi ne rataya kyamara da tare wa masu aiki hanya. Yana sa kaftani da safa da silifa, kuma da "sannu" yake amsa komai, ko da tambayarsa aka yi ƙarfe nawa. Ranar da ya ji addinina sai ya fara kirana 'yar'uwa, ni kuwa ban taɓa jin zumuncin ya ratsa ni ba.

Ya kama hayar ɗaki a Tarauni, a layinmu, gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba. Gidan yana kallon na goggota inda nake zaune. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shi ne kuma na'ibin limamin masallacin layin. Duk ranar da liman ba ya nan, muryar Baba ce ke fitowa a lasifika, siririya, ba ya sauri. Ba sallarsu nake yi ba, amma na san muryar nan kamar ta mahaifina. Shi ya raka goggota ofis-ofis har fanshon mijinta ya fito.

Kullum da yamma matarsa Hajiya na aika wa Baturen tuwo a kwano, an rufe da faifai. Baba ya kan ce baƙonka annabinka. Da safe kwano ya dawo wayam, ko alawa ɗaya ta tukuici babu. Hajiya ta kan yi dariya ta ce aƙalla yana cinyewa.

Kowane wata Baturen yana kawo mini wasiƙar da yake aika wa mutanen cocinsu, in buga in yi masa kwafi. Kai, na sha karatu! A wasiƙun nan Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ne a bakin hamada. Nas-nas ɗin da ke wucewa kan acaɓa da fararen kaya ba su taɓa shiga ciki ba. Mu kanmu Kiristocin gari babu mu, shi ne ya fara kawo haske, alhali kakata ta yi baftisma tun ba a haifi uwarsa ba. Ina bugawa ina taɓe baki. Na ɗauka ƙarya ce wadda ba ta cin kowa.

Sai ranar da ya zo da hoto. Ashe ya ba Baba Littafi Mai Tsarki na Hausa. Baba ya sa hannu biyu ya karɓa, don ba a mayar wa baƙo kyautarsa, balle littafin da ke ɗauke da sunayen annabawa. Shi kuwa gogan ya ɗaga kyamara ya ƙyasta. A ƙarƙashin hoton ya rubuta da Turanci cewa ga shugaban masallaci, zuciyarsa ta riga ta juya a ɓoye, a taya shi da addu'a.

Na ce, "Baba ne ya faɗa maka haka?"

Ya ce, "Bai faɗa da baki ba, 'yar'uwa. A idonsa na gani."

"To ni ba zan buga ba."

Ya yi mini murmushin nan nasa na mai haƙuri da jahilai. "Ƙasarmu za ta tafi. Wa zai karanta a nan?"

A unguwar da rabin masu haya ɗaliban likitanci ne yake tambayar wa zai karanta Turanci! Ga shi lokacin gari ya fara ɗumi kan maganar addini, kowa na auna kalmarsa kafin ya furta. Na miƙa masa takardarsa. Har na ji daɗin kaina, wai na tsare gaskiya.

Ya ɗauka ya kai wani shago wajen Unguwar Gano. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, injin fotokwafi sai ya ɓata takardu kafin ya fitar da mai kyau. Ni yayyaga nawa nake yi. Yawancin shaguna kuwa tarawa suke su ba masu ƙosai da masu gyaɗa na naɗi.

Ba a yi mako biyu ba wani ɗalibi ya sayi ƙosai da safe, ya buɗe ƙunshi, sai ga fuskar Baba jiƙe da mai. Ya karanta, ya nuna wa na kusa da shi. Kafin azahar takardar ta zagaya majalisar ƙofar masallaci.

Ba wanda ya ɗaga wa Baba murya. Da an zage shi ma da ya fi, don da ya sami abin amsawa. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Ran nan liman ya yi tafiya, ina tsakar gida ina tankaɗe lokacin magariba, aka tayar da salla, sai na ji wata murya daban a lasifika. Na ajiye rariya. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa wani ne ya riga Baba shiga gaba, shi kuma ya ja da baya ya bi sahu.

Da liman ya dawo na yafa mayafi na je na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Mun ji, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ina fitowa na ji wani a majalisa yana cewa, "Ka gani ko? Har sun fara turo nasu su kare shi." Na je gyara na ƙara ɓatawa.

Na sami Baturen a ƙofar ɗakinsa na faɗa masa abin da ya jawo. Wallahi idonsa har ƙyalli ya yi. Ya ce tsanani ya fara ke nan, dole mutanen gida su ji wannan. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan tsayuwar ba. Mutuncin dattijo ya zube, shi kuwa ya sami abin rubutawa a wata mai zuwa.

Manyansa na mishan suka ji, suka ce ya tattara ya koma ƙasarsu. Yammacin da zai kwana na ƙarshe Hajiya ta rantse ba za ta zuba masa ko loma ba. Baba ya shiga madafa da kansa, ya zuba, ya rufe da faifai. Ya ce, "Baƙo ne har ya fita." Ina wajen Hajiya na gan shi ya ratsa tsakar gida da kwano a hannu, yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwo.

Bayan motar da ta ɗauki Baturen ta tafi na taya Hajiya sharar ɗakin. Kwanon na kan taga, tuwo ya sandare, ba a ko taɓa shi ba. Na leƙa lungun da ke bayan tagar, sai ga tulin busasshen tuwo, na wata da watanni. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya zo ya duba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kwashe a ba mai awaki, kada abinci ya wulaƙanta.

Na ƙara shekaru a layin nan. Liman ya yi tafiye-tafiye da yawa, kuma duk magaribar da ba ya nan sai na kasa kunne. Har Baba ya rasu ban sake jin muryarsa a lasifika ba.